Bindigar Tilda da 'Yar Kwali

"Lafiya lau, Lorna, lafiya lau, ya shanun naki marasa kunya? Sauko, kin zo a daidai. Ga wata 'yar birni ta kawo mini abin wasan yara a kwali, wai ita bindiga."

Haka Orrin ya amsa gaisuwata tun ban kashe mota ba. Na zo ne kawai in mayar masa da sarƙar jan mota da na ara tun kafin dusar ƙanƙara ta narke. Shekara arba'in da ɗaya muna raba shinge da shi a wannan lungu na Montana, ni da shanuna, shi da tumakinsa, kuma ban taɓa shiga gidan nan na fita a kan lokaci ba. Jikarsa Greta na zaune a bayan a-kori-kurarta tana kaɗa ƙafa, ga wani dogon kwali a buɗe kusa da ita. Likitar dabbobi ce a birni, ta ba talatin baya, amma idan suka haɗu da kakanta sai ka rasa wane ne yaron.

Na san abin da ya kawo ta, don duk kwarin nan an sani. Cikin mako uku dila ya ɗauke wa Orrin 'yan tumaki goma sha ɗaya. Sau shida yana harbi, sau shida dilan yana tafiya abinsa ko waiwaye babu. Doreen, 'yarsa, uwar Greta, ta ce idon tsoho ya ƙare, don haka a sayar da garken kafin kaka, ya dawo birni ɗakin da ta gyara masa. Ta turo Greta ta gani da idonta, ta kira ta da yamma ta faɗa mata gaskiya.

"Sannu, Anti Lorna," in ji Greta. "Ki taya ni da tsohon nan. Tun safe nake roƙonsa ya taɓa ta kawai, ya ce sai ya sa safar hannu."

"Roba ce fa, Lorna. Gindinta roba. Warin bokiti take yi."

"Dila ba ya shinshina gindin bindiga, Kaka. Bakinta yake tsoro, naka kuwa ya daina tsoronsa. Jiya na ga ɗaya a bakin shinge yana hamma."

"Gaishe ni ya zo yi. Mun saba."

"Ai dole ku saba, kai ne ke ciyar da iyalinsa."

Orrin ya shiga ɗaki ya fito da tasa, a rungume a ƙirji. Ita ce bindigar marigayiya Tilda, matarsa, wadda ta rasu shekara tara ke nan. Maƙerin bindiga Emmet ne ya ƙera mata ita tun suna amare. Tun kafin mu zama maƙwabta ne, amma ina wurin ranar da ya auna hannunta da tef ɗin tela, daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya yanke katakon daidai tsawonta, ya kuma zana sunanta a jikin ƙarfen. Tilda gajera ce, Orrin kuwa sai ya sunkuya yake shiga ƙofarsa. Shi ya sa tun bayan rasuwarta ya naɗa tsohuwar safa a gindin bindigar ya ɗaure da salatif, don ta kai masa kafaɗa. Kuma tun ranar jana'iza bai bar kowa ya taɓa ta ba.

"Ga bindiga," in ji shi. "Wata tara Emmet ya yi yana ƙera ta. Wata tara cur, kamar ciki."

"Wata takwas yana kamun kifi. Anti Lorna ce ta gaya mini."

Na ce kada a sa ni a ciki. Amma gaskiya ne, har ni ya sha kawo wa kifin.

"Tawa inji ya yi ta," in ji Greta. "Inji ba ya kwana da giya a kai, ba ya faɗa da matarsa ranar da zai huda bututu. Yadda ya yi ta farko haka zai yi ta dubu."

"Kin faɗa da bakinki. Ta dubu! Kamar biskit. Ta san sunanki? Ta san tsawon hannunki? An yi ta ne don kowa, shi ya sa ba ta dace da kowa ba."

"Taka da aka yi don mutum ɗaya fa, me ya kai safa gindinta? Sanyi take ji?"

"Wannan gyara ne na masana."

"Safar ma ba a wanke ba."

"Yarinya, da bindigar nan kakarki ta taɓa harbe ƙuda a kan kunnen rago daga bakin rijiya can. Ragon bai ko daina kiwo ba."

"Bara ka ce kaska ce."

"Kaskar wata shekara ce daban."

"Bara waccan kuma ka ce ragon ya yi godiya."

"Ya yi mana. Tumakin da suna da tarbiyya, ba irin jikokin yanzu ba."

Dariya ta kusa sa in saki sarƙar a kan ƙafata. Ƙarya yake shararawa, amma ba duka ba. Na ga Tilda da idona ta kwantar da dila a tsallaken rafi, nisan da ni ban ma gane dila ne ba sai da ya faɗi. Ta sauke bindiga ta ce mini, "Lorna, gahawarki za ta huce." Har yau idan na wuce wurin nan sai in ji kewarta.

Greta ta diro daga mota ta kakkaɓe wando. "To mu bar surutu. Dokar gidan nan tana nan ko ta tsufa ita ma? Harsashi biyar, yadi ɗari, maɓalli ya rufe su."

"Tana nan daram."

"Anti Lorna ce alƙali."

"Lorna mai shanu? Me ta sani ban da ɓalla shingen mutane?"

"Shi ya sa. Ba ta son kowa a cikinmu."

Dokar Tilda ce. Ba ta yarda bindiga tana da saiti sai an harba biyar a takarda ɗaya, an ɗora maɓallin jar rigar sanyinta ya rufe ramukan duka. Rigar ta daɗe da mutuwa, maɓallin kuwa yana aljihun ƙirjin Orrin kullum. Ya ciro shi ya miƙa mini yana gargaɗina kamar zan haɗiye shi.

Muka zagaya bayan rumbun ciyawa inda tsohon teburin harbi yake. Greta ta tafi ta manna takarda biyu a jikin allo, ta ɗaura tsumma a wayar shinge don a ga iska. Orrin ya zauna, ya jera buhunan yashi, ya kwantar da bindigar Tilda a kai a hankali, ya kafa ido a madubin hange. Muka toshe kunne. Ya harba, ya jira ƙarfen ya huce, ya sake, har biyar. Hannunsa bai yi rawa ba, na lura da wannan.

Na taka na ciro takardar. Ramukan sun watse, ɗaya sama, biyu hagu, ɗaya can ƙasa kusa da baki. Ba maɓalli ba, tafin hannuna ma bai rufe su ba. Na kawo na ajiye a tebur.

"Iska ce," in ji Orrin.

Dukanmu muka dubi tsumman. Yana rataye ko motsi babu.

"Iskar tana can tsakiya. Ba ta zo shinge ba."

"Iska mai kunya ke nan," in ji Greta.

"Kuma saniyar Lorna ta yi kuka daidai na uku."

"Shanuna suna mil huɗu daga nan," na ce.

"Muryarsu irin taki ce."

"Kaka, ga 'yar kwali. Na saita ta jiya. Zauna ka gwada."

"Ba zan taɓa bokiti ba."

"Biyar kawai. Idan ta watsa kamar wannan, mun san inda matsalar take. Idan ta haɗa, mun san bindigar Kaka Tilda ce ta gaji."

"Ba ta gaji ba."

"Ƙarfe ne fa. Ƙarfe yana cinyewa."

"Na ce ba ta gaji ba!"

Tsawar ta sa tumakin da ke kusa suka ɗaga kai. Ya shiga shafa katakon bindigar da babban yatsa, daidai inda hannun Tilda ya goge shi har ya yi sheƙi. Da ya sake magana, muryarsa ta sauka ƙasa.

"Idona ne. Uwarki ta yi gaskiya. Je ki kira ta, ki ce ta sa labule a ɗakin."

Mutumin nan an haife shi a ɗakin da ke bayanmu. Kabarin Tilda na kan tudu, ana hango shi daga tagar kicin. Na san idan aka kai shi birni ba zai ga haihuwar tumaki biyu nan gaba ba. Amma ya gwammace ya ɗora wa idonsa laifi, ya bar duk wannan, da a ce abin da ya rage masa na Tilda ya mutu shi ma. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, har na rasa wanda ya fi.

Greta ta juya baya ta yi kamar tana gyara kwali. Na ga ta goge hanci da hannun riga. Da ta juyo kuwa, fuskar tsokana ta dawo da ita.

"To shi ke nan, makaho. Allah ya ƙara haƙuri. Zan saya maka sanda a hanya."

"Ki sayo mai kyau."

"Ta kamfani ko ƙirar hannu?"

Bai so ba, amma gefen bakinsa ya motsa.

"Tunda dai ba ka gani," ta ci gaba, "me za ka rasa? Harba 'yar kwali ka watsa mata ramuka, in mayar da ita kanti in ce kakana ya gwada ya ce bokiti ce. Ko tsoronta kake ji?"

"Ni? Tsoron roba?"

"Anti Lorna, ki shaida. Gobe a bakin coci zan ce Orrin ya ga bindigar roba ya gudu."

"Zan riga ki faɗa," na ce.

"Ku biyun nan ko dila ya fi ku imani. Miƙo ta nan."

Ya karɓe ta da yatsa biyu. Ya jingina ta Tilda a gefen tebur, ya juya madubinta ta fuskanci rumbu, sai ka ce kada ta gani. Sannan ya kwanta a kan sabuwar.

"Kunamar nan tauri gare ta kamar ƙofar firji."

Ya harba.

"Ji ƙararta. Ba ladabi."

Ya sake.

"Madubin ma haske ya yi masa yawa."

"Ashe kana gani," in ji Greta.

"Yi mini shiru, ina aiki."

Daga na uku ya daina ƙorafi. Na ga kafaɗarsa ta saki, numfashinsa ya daidaita, ya koma Orrin ɗin da na sani. Da ya gama na biyar ban jira an ce in tafi ba, kuma duk ciwon gwiwata da sauri na dawo. Na shimfiɗa takardar, na ɗora maɓallin. Huɗu sun ɓace a ƙarƙashinsa. Na biyar ya leƙo kaɗan ta gefe, bai fi bakin farce ba.

Greta ta daka tsalle ta rungume wuyansa. "Makahon ƙarya! Tsoho mai ran ƙarfe! Ba inda za ka!"

"Sake ni, za ki karya ni. Lorna, kin ga na biyar ya leƙo? Ta Tilda ba ta taɓa leƙowa ba."

"Na gani," na ce. "Hukuncina shi ne idonka lafiya lau, bakinka ne ba shi da magani."

Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai zuci ba. Ya jawo bindigar Tilda ya ɗora a cinya yana kallonta. Murna muke yi ya tsira da gidansa, shi kuwa kamar an sake yi masa rasuwa.

Greta ta tsuguna a gabansa. "Kaka, ba zan taɓa ta ba. Zare ƙarfen bayan da ke tura harsashi ka ajiye, ka juyo mini bakinta in gani."

Ya zare, ya juyo. Ta ɗauki harsashi ɗaya ta sa tsininsa a bakin bututun. A bindiga mai lafiya tsinin yana shiga kaɗan ne ya tsaya, don zanen da ke cikin bututu yana riƙe shi. Wannan kuwa ya zurma har wuya. Ta cire harsashin, ta sa Orrin ya ɗaga bindigar wajen rana, ta leƙa bakin.

"Bakin ya cinye, har ya fi faɗi ta gefe ɗaya. Ba harbi ne ya yi wannan ba. Yaya kake goge ta?"

"Yadda ake gogewa. Tsinken ƙarfe, tsumma, mai."

"Ta ina kake zura tsinken?"

"Ta baki mana. Ta kunne zan zura?"

Ta dafe kai. "Ta baya ake zurawa! A zare ƙarfen baya a turo daga can, don kada tsinke ya ci bakin. Shekara hamsin kana zaune da gwanar kwarin nan, ba ka ga yadda take yi ba?"

"Ita ke gogewa. Ni gahawa nake dafawa."

"To ba ka kallo?"

"Ina kallo. Ba bindigar nake kallo ba."

Greta ta sake duban bakin bindigar. "Sau nawa kake goge ta? Bayan kowane harbi?"

"Kullum."

"Kullum kamar yaya?"

"Kullum da safe. Ko na harba ko ban harba ba."

"Shekara tara? Kaka, don Allah, me ya sa?"

Ya murza safar da ke gindin bindigar.

"Man nan da ake gogewa da shi. Ƙamshinsa ne ke hannunta. Ko ta wanke da sabulu, ko ta kwaɓa fulawa, yana nan. Idan na buɗe kwalbar da safe na zauna a teburin kicin, sai in ji kamar ta fita duba tumaki ne, yanzu za ta shigo. To ba zan zauna ina shinshina kwalba kamar mahaukaci ba. Sai in ɗauko bindigar in goge."

Ni ma na san ƙamshin nan. Na sha jin sa idan ta kama hannuna a coci. Na juya ina kallon tsumman shinge, don ban so su ga fuskata.

Greta ce ta fara farfaɗowa. "Wato dila bai ci tumakinka ba sai da ka cinye bindigar da so."

"Kya iya cewa haka."

"Emmet ya yi wata tara yana ƙerawa, kai ka yi shekara tara kana kankarewa."

"Wata ɗaya ya yi. Takwas kifi ya kama."

Nan muka fashe da dariya mu uku, irin wadda ke zuwa da hawaye.

"Tana gyaruwa," in ji Greta da ta samu numfashi. "Akwai wata maƙeriya kusa da wurin aikina. Za ta yanke kamar yatsa biyu daga bakin, ta sake fitar mata da sabon baki. Sunan yana can baya, ba abin da zai taɓa shi."

"Kin ji ko, Lorna? Ƙirar hannu ko ta tsufa ana gyara ta. 'Yar kwali idan ta gaji sai juji."

"'Yar kwalin ce dai ta hana a kai ka birni yau."

"Na ji. Ta yi ƙoƙari, bokitin. A bar mini ita aro, dilan nan muna da magana da shi."

Sai ya sa farce ya ɓamɓare salatif ɗin, ya warware safar ya jefar a kan tebur. Ya miƙe tsaye, ya miƙa wa Greta bindigar da hannu biyu. Ta tsaya tana kallonsa ba ta karɓa ba.

"Riƙe mana, hannuna ya gaji. Sa a kafaɗa in gani."

Ta sa. Gindin ya zauna mata cif, kuncinta ya sauka daidai inda katakon ya goge, yatsanta ya sami kunama ba tare da ta miƙa ba. Ba ta fi Tilda tsawo ko da ɗan yatsa ba, kuma sai a ranar na lura. Orrin ya kalle ta, ya kalli tudu, ya sake kallonta.

"Dama ba tawa ba ce," ya ce. "Idan an gyara, kada ki dawo mini da ita. Ki dai riƙa kawo ta tana ganin gida."

"Lokacin haihuwar tumaki?"

"Da lokacin aski. Da duk lokacin da kika ga dama, uwar iyayi."

"Na ji. Amma tsinken nan da shi zan tafi, kafin ka cinye mini 'yar kwali ita ma."

"Tafi da shi."

Ta shiga kicin ta kwaso tsinken da tsummokaran da 'yar kwalbar man, ta nufi mota. Ta kai rabin hanya ya kira ta.

"Greta."

"Na'am, makaho?"

"Bar mini kwalbar."

Ta dawo ta sa masa ita a aljihun ƙirji. Na miƙa masa maɓallin ya jefa a ciki tare da ita, sannan ya ce mu shiga, akwai fanke, kuma wani ya kira Doreen ya ce ta cire labulen.